Keken ɗinki ko kuɗin makaranta? Ku ba ni shawara

Mai Kwarashi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa komai ba, yau dai abin ya fi ƙarfin kaina ni kaɗai.

Shekarata 19. Mahaifinmu ya rasu shekara biyar da suka wuce, bayan shekara biyu mahaifiyarmu ta bi shi. Mu uku suka bari: ni, da ƙanena mai shekara 14, da autarmu mai shekara 9. Muna hannun kakarmu ta wajen uwa, ita ma ƙarfinta ya ƙare, sai addu'a da sa ido. Abin da ke riƙe da gidan shi ne saƙar da Mama ta koya mini tun ina firamare. Ina saƙa hular jarirai da safa da rigar sanyi, kwanan nan na ƙara da jakar duwatsu. Bara na gama sakandare, sakamakona ya yi kyau, kuma tun lokacin jinyar Mama na ƙudurta a raina aikin jinya zan karanta.

Shekara biyu ina ajiye ɗan abin da ya ragu. Abin da na tara yanzu zai iya ɗaya daga cikin biyu, ba zai iya duka ba: ko in sayi keken ɗinki wanda aka taɓa amfani da shi in faɗaɗa sana'a, ko in sayi fom in biya rajistar shekarar farko. Ga kuma ƙanena. Yana zuwa wajen wani kafinta bayan an tashi makaranta, yanzu ubangidan nasa ya ce ya riƙa zuwa tun safe zai ƙara masa abin da yake ba shi. Yaron ya ce shi ya gama da boko. Saura masa shekara ɗaya ya kammala ƙaramar sakandare. Don Allah me kuke gani?

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan iyayenku, ya albarkaci rayuwarku. 'Yata, ni ma maraya ne, ina da shekara 12 na bar aji na shiga shagon katako, yau shekarata 58. Da wannan zarto da guduma na yi aure, na gina gida, na yaye yara sun fi ashirin. Babu maraya sai rago. Annabi Dawuda, da yake sarki, daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya kuwa kafinta ne. Ki sayi keke. Kuɗin makaranta in kin biya sun tafi, baɗi kuma a sake cewa ki kawo. Keke kuwa yana nan yana haihuwa. Ƙanen naki ki bar shi ya kama sana'arsa da hannu biyu, taura biyu ba ta taunuwa.

Malamar Sakandare:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Shekara 17 ina koyarwa, kuma na riƙe rajistar aji da hannuna. Yaron da aka ce ya ɗan huta shekara ɗaya ya tara kuɗi ya dawo, da wuya in sake ganin sunansa. Ba lalaci ba ne. Da ya fara kawo kuɗi gida, gidan ya jingina da shi ke nan, babu mai iya cewa ya daina. Sa'anninsa kuma sun wuce, kunya ta hana shi zama da ƙannensa a aji.

Akwai binciken da aka yi a yankin Kagera na Tanzaniya. An yi rajistar yara tsakanin 1991 da 1994, aka sake neman su a 2004 bayan sun girma. Waɗanda suka rasa uwa suna ƙanana an tarar sun yi asarar kimanin shekara ɗaya ta karatu, har tsayinsu ya gaza na sa'anninsu da kusan santimita 2. Wani binciken a ƙasashe goma na Afirka ya nuna maraya ya fi zama ba ya zuwa makaranta ko da gida ɗaya yake da yaran da ke zuwa. Wato ba talauci kaɗai ke cire maraya daga aji ba, rashin mai tsaya masa ne. Wannan yaron yana da mai tsaya masa, ita ce yayarsa. Kada mu ce mata ta janye.

Ɗan Takalmi:
Malama, ni na yi karatun har na gama digiri. Shekara huɗu ina yawo da takardu a jaka. Yanzu ina zaune gaban wani baduku da bai gama firamare ba ina koyon haɗa takalmi, kuma shi yake ba ni na mota. Ban ce karatu banza ba ne, amma a daina nuna wa yara cewa takarda ita ce abinci. Ƙanwata, da zan koma shekara 19 da sana'a a hannuna, ba zan sake ta ba.

Malamar Sakandare:
Ai ban ce ta saki sana'a ba. Kuma ka duba abin da ta ce za ta karanta. Aikin jinya shi ma aikin hannu ne, bambancinsa kawai ba a yarda ka taɓa mara lafiya sai da shaidar makaranta.

Hajiya Mai Jakunkuna:
Ku dakata tukuna, kowa yana ba da amsa ba a tambayi yarinyar komai ba. Ni saƙa da haɗa jaka nake yi shekara 22, ina da 'yan mata shida a hannuna. 'Yata, amsa mini waɗannan. Saitin jariri ɗaya kwana nawa yake ɗaukar ki? In kin cire kuɗin zare, me ya rage? Ke kike sayarwa ko wani kike ba wa? Sannan kin iya ɗinkin keke, ko sai kin saya za ki koya?

Mai Kwarashi:
Mama, saiti ɗaya kwana uku nake yi, in da dare na haɗa, kwana biyu. Gaskiya ban taɓa zama na cire kuɗin zare daban ba, in kuɗi suka shigo sai in sayi zare in yi cefane da sauran. Akwai wata mata da ke karɓa ta kai shaguna, ita ke faɗin farashi, wani lokaci sai an sayar take biya na. Ɗinki kuwa na ɗan taɓa a wajen maƙwabciyarmu, na iya miƙa layi, amma ban iya yanka ba.

Hajiya Mai Jakunkuna:
To kin gani. Matsalarki ba rashin keke ba ce. Wadda ba ta iya yanka ba in ta sayi keke, ta sayi kayan ɗaki ne. Kafin ki iya yankan da mutum zai ba ki yadinsa hankali kwance sai kin yi shekara ko fiye a gaban tela, kuma duk awar da kika ba ɗinki daga saƙa kika cire ta, ita kuwa saƙar ce ke ciyar da ku.

Abin da za ki fara gyarawa shi ne wanda ke hannunki. Sami littafi ɗaya. Duk ƙullin zaren da kika saya ki rubuta. Duk abin da kika saƙa ki rubuta awa nawa ya ci. Bayan wata ɗaya za ki ga abin mamaki, domin yawanci abin da ya fi cin lokaci ba shi ya fi kawo riba ba. Ni sai da na yi shekara biyar ina saƙa manyan mayafai kafin in gane ƙananan kaya su ne ke riƙe da ni, mayafan ƙawata shago kawai suke yi. Na biyu, uwar kuɗi daban, riba daban. Ranar da kika yi cefane da kuɗin zare, kin fara cin jarinki. Na uku, kada ki ɗauki aikin da aka yi oda ba tare da kafin alƙalami ba, aƙalla kuɗin zare. Na huɗu, matar da ke karɓa ba maƙiyiyarki ba ce, ita ma wahalar yawo take yi, kada ki ɓata da ita. Amma ki je shago ɗaya ki tambayi nawa ake sayar da abin da kika saƙa, ki san tazarar. Ki riƙa ɗaukar hoton kowane aiki da hasken rana a kan farin ƙyalle, ki tura wa mata masu juna biyu da kika sani. Mutum biyar masu saye kai tsaye sun fi dillaliya ɗaya.

Kuma ki rage aikin dare. Ido da wuyan hannu su ne jarin mai saƙa, ba a sayen wasu.

Ma'aikacin Walwala:
Ni maganar ƙanen ce ta fi damuna, domin aikin da nake yi ke nan. Ita babba ce, ko me ta zaɓa da hankalinta ta zaɓa. Shi kuwa shekararsa 14.

Mutane suna ɗauka dokokin kare yara sun hana yaro koyon sana'a. Ba haka ba ne. Yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1973, cewa ta yi kada a ɗauki yaro cikakken aiki kafin ya gama karatun dole, kuma kada ya gaza shekara 15, ta yi wa ƙasashe masu tasowa sassauci zuwa 14. Ta yarda da aiki mara nauyi daga shekara 13, ko 12 a inda aka yi sassaucin, da sharaɗi biyu: kada ya cutar da lafiyarsa, kada ya hana shi zuwa makaranta. Aiki mai haɗari kuwa sai 18. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ita ma ta tabbatar wa yaro haƙƙin karatu a sashe na 28, a sashe na 32 kuma ta hana sa shi aikin da zai cutar da shi ko ya hana shi karatu. To abin da yaron yake yi yanzu, makaranta da safe shago da yamma, daidai ne. Abin da ubangidan ke nema shi ne ya tsallake layin. Ki kuma tambaye shi ko ana sa shi a zarton inji, ko fesa fenti a rufaffen wuri. Na ga yatsun yara da yawa da inji ya ɗauke.

Game da jari kuma akwai abin lura daga arewacin Yuganda. A 2008 gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa kuɗi su koyi sana'a su sayi kayan aiki, yawanci ɗinki da kafinta. Bayan shekara huɗu abin da suke samu ya fi na waɗanda ba a ba su ba da kashi 38 cikin ɗari. Da aka koma bayan shekara tara, sai aka tarar waɗancan sun kamo su a samun kuɗi, ko da yake masu tallafin sun fi su kadara kuma sun fi zama cikin sana'ar ƙwarewa. Abin da na fahimta shi ne kayan aiki suna gaggauta tafiya, amma wanda bai samu yau ba yana iya tarawa ya saya gobe. Shekarun makaranta ba a tara su a saya daga baya.

Baba Kafinta:
Ɗana, waɗannan dokoki a ofis aka rubuta su, cikin masu rubutawa babu wanda ya taɓa kwana bai san abin da zai ba ƙannensa da safe ba. Kafinta ba a koyon ta awa biyu da yamma. Da safe ake yanka, da safe ake haɗi, wanda ya zo da la'asar shara da goge katako kawai zai tarar. Shekara goma zai yi bai iya haɗa ƙofa ba.

Ma'aikacin Walwala:
Wannan gaskiya ne Baba, kuma shi ya sa ba na son a yi faɗa da ubangidan, a zauna da shi. Akwai ranakun da ba makaranta, akwai hutun zango. A Jamus mai koyon kafinta kwana uku ko huɗu yake yi a shago, ɗaya ko biyu a aji, tsawon shekara uku, kuma masu shagon da kansu suka yarda da tsarin domin sun ga yaron da ya iya lissafi ya fi yi musu amfani. Taura biyu tana taunuwa in an bi ta ɗaya bayan ɗaya.

'Yar Riƙo:
Ku yi haƙuri, tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Baba, ina girmama ka, amma karin maganar nan ta babu maraya sai rago ta daɗe tana yi mini ciwo. Ina da shekara 8 aka kai ni riƙo gidan dangi. Ni ce shara, ni ce wanki, ni ce raino, da yamma in zauna saƙar tabarma da kwando har hannuna ya fashe, kuɗin kuma ban taɓa ganin su ba. 'Ya'yan gidan suna tafiya makaranta ni ina riƙe musu jaka zuwa bakin ƙofa. Duk ranar da na ce ni ma ina so, amsar da ake ba ni ke nan, babu maraya sai rago. Ban kasance raguwa ba ko kwana ɗaya, kuma marainiya ce ni. Sai da na yi aure na shiga ajin manya ina da shekara 26, na koyi rubuta sunana tare da ɗiyata ta fari.

Sana'ar ta amfane ni daga baya, ban musa ba, da ita nake biya wa yarana makaranta. Amma ba ita ta fitar da ni ba sai ranar da kuɗin suka fara shiga hannuna, na kuma iya ƙirga su. Duk mai yabon maraya da ƙwazo a tambaye shi: aljihun wa ribar take shiga?

Baba Kafinta:
'Yata, kin sa jikina ya yi sanyi. Allah ya saka miki. Ni da kyakkyawar niyya nake faɗar ta, da ita nake ƙarfafa kaina ina yaro. Ban taɓa tunanin ana rufe bakin yaro da ita ba.

Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ban faɗa ba da farko. Shekara 15 da suka wuce na sami kwangilar kujeru da tebura, mafi girma a rayuwata. Aka kawo takarda na dangwala hannu, ban iya karantawa ba, na ji kunyar in ce a karanta mini. Ashe an rubuta ba za a biya ba sai an kai kaya duka, kuma kowane mako na jinkiri za a cire wani abu. Katako ya yi tsada a tsakiyar aikin. Na gama da bashi, sai da na sayar da injina biyu. Tun daga ranar ɗana ne ke karanta mini komai kuma shi ke fitar da lissafin aiki. 'Ya'yana kuwa babu wanda na bari ya bar makaranta. To ban san me ya sa na ba ɗan wani shawarar da ban ba nawa ba. Na janye maganata a kan yaron. A kan keke dai har yanzu ina ganin a yi tunani.

Almajirin Malam:
Allah ya saka wa Baba da alheri, komawa ga gaskiya girma ne. Akwai tambayar da ban ga an yi ba. Ƙanwata, mahaifinku bai bar komai ba? Gida, fili, gona, haƙƙin wurin aiki? Domin muna ta lissafin yadda yarinya 'yar shekara 19 za ta ɗauki mutum huɗu da kwarashi, alhali wataƙila suna da haƙƙi a hannun wani. A Suratun Nisa'i aya ta 6 an umarci mai riƙon dukiyar maraya ya jarraba shi, in ya balaga kuma aka ga hankalin riƙe dukiya a tare da shi, a miƙa masa kayansa a gaban shaidu. Aya ta 10 ta ce mai cin dukiyar marayu da zalunci wuta yake zuba wa cikinsa. Sannan ciyar da ƙananan nan biyu ba a wuyanki shari'a ta fara ɗora shi ba, akwai dukiyarsu in suna da ita, akwai dangi masu hali.

Wani abu kuma da nake so jama'a mu lura. A fiƙihu maraici yana ƙarewa da balaga, wannan hukunci ne na riƙon dukiya da walicci. Amma mun mayar da shi dalilin janye hannu. Muna rububin taimakon jariri da ɗan shekara biyar, da yaro ya kai 16 sai mu ce ai ya girma, daidai lokacin da kuɗin jarrabawa da na kayan aiki suka taso masa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa mahaifi tun yana ciki, mahaifiya yana da shekara 6, kaka yana da 8. Ya yi kiwon tumaki, haka ne, amma Abu Ɗalib bai sake shi ba har ya zama mutum.

Mai Kwarashi:
Malam, akwai fili da Baba ya bari, yana hannun ƙanensa. Lokacin rasuwar an ce a bari sai mun girma. Tun daga nan ba a sake maganar ba, ni kuma nauyinsa nake ji. Yakan zo gaishe da kaka lokaci-lokaci, ba mugun mutum ba ne.

Ɗan Takalmi:
Nauyin me? Haƙƙinku ne. In ya ƙi ki kai shi kotu.

Hajiya Mai Jakunkuna:
A'a, kada ka hura mata wuta. Mutumin bai ce ya hana ba, ba a ma tambaye shi ba. Yarinya mace da ƙanne biyu tana bukatar baffanta gobe da jibi. 'Yata, kada ki je ke kaɗai, kada kuma ki aika saƙon waya. Ki sami dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, a je a ce masa yara sun girma, ga bukatar makaranta ta taso, yaya za a yi da abin da marigayi ya bari. A ba shi hanyar da zai fita da mutuncinsa. In an bi wannan sau biyu sau uku bai motsa ba, sannan a yi maganar hukuma.

Almajirin Malam:
Haka ne. Kuma ko an raba, rabon ƙananan biyu amana ne, ba a sayar da shi don karatun babba. Naki kason ne kike da iko da shi. A rubuta komai, a sa shaidu.

Ɗan Takalmi:
Na karɓi gyara. Bari in ƙara wani abu don ƙanen, ki karanta masa. Leonardo Del Vecchio, ɗan Italiya, mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi a 1935. Yana da shekara 7 mahaifiyarsa ta kai shi gidan marayu a Milan saboda ba ta iya riƙe shi. Yana da 14 ya shiga koyon aikin ƙarfe, da dare kuma yana zuwa ajin zane. A 1961 ya kafa kamfanin Luxottica, wanda ya zama mafi girma a duniya wajen yin tabarau, har ya sayi Ray-Ban, sanannen sunan tabarau. Ni da na zo ina kare sana'a, ajin daren nan ne ya tsaya mini a rai.

Malamar Sakandare:
Labari ne mai kyau, a karanta masa. Sai dai kada mu auna yaranmu da mutum ɗaya. A ƙiyasin UNICEF na 2015 yara kusan miliyan 140 ne a duniya suka rasa uwa ko uba, miliyan 15 daga ciki sun rasa duka biyun. Mafi yawansu ba kamfani suke nema ba, so suke su gama makaranta, su iya abin da za su ci da kansu, kada a cuce su a takarda kamar yadda aka yi wa Baba. Wannan ma ba ƙaramin buri ba ne.

Anti Nas:
Sai yanzu na sauka daga aiki na karanta duka. Ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in gaya miki yadda karatun yake don kada ki shiga da ido rufe. Ba karatun rabin rana ba ne. Akwai aji, akwai zuwa asibiti koyon aiki, akwai kwanan asibiti. Shekarar farko ita ce mai tsanani, a nan ake zubar da mutane da yawa. Kuma rajista ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba, akwai kayan sawa na aiki, littattafai, kuɗin mota. Ki nemi ɗaliba da ke ciki yanzu ta lissafa miki na shekara ɗaya gaba ɗaya kafin ki biya komai.

Amma ga abin da ya sa nake ganin saƙarki ta fi keke dacewa da wannan hanya. Kwarashi da ƙullin zare suna shiga jaka. Za ki saƙa a mota, za ki saƙa tsakanin darasi da darasi. Keke yana gida yana jiran ki dawo a gajiye. Sannan ina masu sayen kayan jarirai suke taruwa? A wajen awon ciki da ɗakin haihuwa. Ba za ki yi talla a bakin aiki ba, wannan ba a yarda da shi ba kuma bai dace ba, amma ma'aikatan da za ki sani da 'yan ajinku da danginsu kasuwa ce babba. Wata da muka yi karatu tare da saƙa ta riƙe kanta har muka gama.

Tambayata ɗaya: in kina kwanan asibiti, wa zai kula da kaka da autar?

Mai Kwarashi:
Anti, wannan ita ce tambayar da ke hana ni barci, na kasa ma rubuta ta a farko. Kaka tana iya zama da su da rana, amma in jikinta ya motsa da dare babu mai tashi sai ni.

Anti Nas:
To ki nemi makarantar da za ki riƙa zuwa daga gida, ko da ba ita ce wadda kika fi so ba. Kuma wannan ma dalili ne na zama da dangi. Ba fili kaɗai za a tattauna ba, har da wa zai riƙa kwana da su ranakun da ba kya nan. Ki daina ɗaukar komai ke kaɗai kina shiru, mutane suna ganin kin iya sai su ɗauka ba kya bukata.

'Yar Riƙo:
Kuma don Allah ko me za a yi kada a raba autar da ku a ce za a kai ta riƙo don a sauƙaƙa miki. In an kawo wannan shawarar ki ce kin gode.

Baba Kafinta:
Ga abin da za ki gaya wa ubangidan yaron, mu mun san yaren junanmu. Kada ki fara da maganar doka, zai ji kamar kin zo ƙararsa. Ki gode masa tukuna, ki ce kun san riƙon da yake yi wa yaron. Sannan ki ce amanar marigayi ce yaron ya gama makaranta, kina roƙon ya taya ki cika ta. Ki ba shi ranakun hutun mako cikakku da dukan hutun zango. Ki roƙe shi ya riƙa ajiye wa yaron aikin awo da haɗi a ranakun, kada ya ƙare a shara. In mutumin kirki ne zai yarda. In ya ce shi dai ko tun safe ko a bari, to hannun aiki mai arha yake nema ba almajiri ba, ki canza masa shago. Shi kuma yaron a sa shi ya riƙa fitar da lissafin katako da ƙusa na kowane aiki a takarda, zai ga da idonsa inda boko ke shiga sana'ar.

Mai Kwarashi:
Assalamu alaikum. Yau kwana 12 da na kawo maganata, na ga ya kamata in dawo in gaya muku inda aka kwana.

Na je wajen ubangidan ƙanena tare da ƙanen kakarmu, na faɗi abin da Baba ya koya mini kusan kalma da kalma. Ya yi shiru, sannan ya ce shi bai san saura shekara ɗaya ba ne, yaron ya ce masa ya gama. Ya yarda da ranakun hutu, ya kuma ce ba zai sa shi a inji ba. Ƙarin kuɗin dai babu. Ƙanena ya yi fushi da ni kwana uku ba ya yi mini magana, amma yana zuwa makaranta.

Mama Hajiya, na sayi littafin. Na gano jakar duwatsu da nake alfahari da ita kusan a banza nake yin ta, hula da safa su ne masu riba. Na je shago na ga farashin da ake sayar da saitina, na dawo na yi wa matar magana cikin ladabi, ta ƙara mini kaɗan, ta kuma yarda ta riƙa ba da kuɗin zare tun farko. Mata biyu sun yi oda kai tsaye daga hotunan da na tura.

Maganar fili an kai wa baffa. Bai ƙi ba, bai kuma ba da rana ba, ya ce zai nemi sauran 'yan'uwa a zauna bayan wata ɗaya. Matarsa ta ce babbar 'yarsu za ta iya riƙa kwana wajen kaka in na fara.

Na sayi fom jiya. Sauran kuɗin na bar su ban taɓa ba. Maƙwabciyarmu ta ce in riƙa zuwa ranar da ba ta da aiki da yawa tana nuna mini yanka a kekenta, ni kuma in koya wa 'yarta saƙa. Jarrabawar shiga saura mako bakwai, kuma na daɗe rabona da littafin kimiyya. Anti Nas, wane darasi ya kamata in fi ba ƙarfi?

Anti Nas:
Ilimin halittu da na sinadarai, sai lissafi, musamman kashi da ma'auni domin da su ake auna magani. Ki turo mini saƙo ta akwatin sirri, ina da littattafaina na da, zan duba yadda za su iso gare ki. Awa biyu kullum da asuba kafin ki ɗauki kwarashi, ki fara gobe.